BABI NA UKU: DARASIN MOTSA JIKI A MAKARANTUN SAKANDARE DA ABIN DA AKE BUƘATA GA ƊALIBI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar motsa jiki da amfaninsa ga lafiyar matashi. Wannan babi kuwa zai dube shi ne a matsayinsa na darasi a makarantun sakandare na Nijeriya, musamman na jihohin Arewa, wato yadda ya shigo, da gurbin da manhaja ta ba shi, da kuma abin da ake buƙatar ɗalibi ya yi kafin a ce ya ci wannan darasi. Za a ga cewa akwai tazara tsakanin abin da manhaja ta nema ga ɗalibi da abin da ake ba shi maki a kai, kuma wannan tazara ce ta sa darasin da mazauninsa fili ne ya koma kan allo.

3.1 Bambancin Darasin Motsa Jiki da Wasannin Makaranta

Kafin a yi nisa, ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su. Na farko shi ne darasin Ilimin Motsa Jiki da Kiwon Lafiya, wanda ɗalibai suka fi sani da P.H.E. ko P.E. a taƙaice. Wannan darasi ne kamar Lissafi ko Hausa, yana da manhaja da malami da lokaci a jadawali, kuma ya hau kan kowane ɗalibi da ke cikin aji, mai ƙarfi da marar ƙarfi, namiji da mace. Na biyu shi ne wasannin makaranta, waɗanda ake yi da yamma ko a lokacin gasar gidaje, inda ake raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da launin rigarsa, a zaɓi gwanaye su yi tsere da tsalle a gaban manyan baƙi.

Gasar gidaje ta 'yan kaɗan ce. A makarantar da ke da ɗalibai dubu, waɗanda za su taka fili ranar gasa ba su kai kaso ɗaya cikin biyar ba, ko da an haɗa da masu maci. Saura 'yan kallo ne da tafi. Don haka idan shugaban makaranta ya ce ana motsa jiki a makarantarsa, hujjarsa kuwa ita ce an yi gasar gidaje a zango na biyu, to bai amsa tambayar ba. Nasarorin da Nijeriya ta samu, kamar kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin a 1985, da zinaren ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, wadda Tijjani Babangida da Garba Lawal suna cikin tawagar da ta ciyo shi, sun ƙara sa jama'a suna ganin amfanin filin makaranta shi ne ya fitar da zakaru. Fitar da zakaru abu ne mai kyau, amma ba don shi aka sa darasin a jadawali ba.

3.2 Yadda Darasin Ya Shigo

Tun kafin zuwan boko, yaran Hausawa suna da hanyoyinsu na motsa jiki. Samari suna langa da kokawa a dandali, musamman da kaka bayan an kawar da amfanin gona, mahauta suna dambe, 'yan mata kuma suna gaɗa da sauran wasannin tsalle da tafi a farin wata. Sai dai babu malami a waɗannan wasanni, babu kuma maki. Wanda ya ga dama ya shiga, wanda ya gaji ya koma gefe.

Motsa jiki na dole, a lokaci ƙayyadadde, da makarantun Turawa ya zo. A Arewa makarantar gwamnati ta farko ita ce wadda Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Abin da aka riƙa yi a makarantun zamanin mulkin mallaka shi ne wanda ake kira P.T., wato a jera yara sahu-sahu da sassafe, a ba da umarni, su ɗaga hannu, su sunkuya, su juya dama da hagu gaba ɗaya. Tushen wannan tsari atisayen soja ne da kuma salon motsa gaɓoɓi na ƙasar Suwidin, wanda Ingila ta ara. Manhajar da hukumar ilimi ta Ingila ta fitar a 1933 ita ce aka daɗe ana bi a nan, kuma a wurare da yawa tsofaffin sojoji ne suke jagorantar yara. Abin da ake buƙata ga ɗalibi a wancan lokaci bai wuce biyayya da tsafta da tsayuwa a miƙe ba. Ba a tambayarsa dalilin motsin da yake yi.

Wani abu da wannan zamani ya bari, wanda har yanzu bai gushe ba, shi ne horar da mai laifi da motsa jiki. Ɗalibin da ya makara a sa shi tsallen kwaɗo, wanda ya yi surutu a sa shi ya zagaye fili sau biyar. Yaron da ya taso yana ganin gudu a matsayin hukunci, da wuya a shawo kansa daga baya cewa gudu alheri ne.

A gefe guda kuma akwai wasannin ƙungiya, waɗanda Turawa suka ɗauka hanya ce ta gina hali. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, kuma aka sa mata suna Barewa a 1971, ta shahara da kurket da wasan bango da ake kira Fives, wanda ake bugun ƙaramar ƙwallo da tafin hannu. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, gwani ne a wannan wasa, kuma bai bar shi ba har bayan ya zama Firimiya. Haka nan ana yin tsere da tsalle ranar 24 ga Mayu ta kowace shekara, wato Ranar Daular Ingila, kuma daga 1933 aka fara gasar Garkuwar Hussey tsakanin makarantun Arewa da na Kudu. Horar da malamai na musamman domin wannan fanni bai kankama ba sai a ƙarshen shekarun 1950, a Zariya.

3.3 Gurbinsa a Manhaja

Babban taron manhaja na ƙasa da aka yi a 1969 shi ne ya share fagen Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda ta fito a 1977 aka kuma yi mata kwaskwarima a 1981. Da tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982, sai ilimin motsa jiki ya shiga cikin darussan dole na ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuwa ya zama na zaɓi. Wannan ya zo daidai da matsayin Hukumar UNESCO, wadda ta ayyana a 1978 cewa motsa jiki da wasanni haƙƙi ne na kowane ɗan Adam.

Daga nan darasin ya yi ta sauya mazauni. Hukumar NERDC mai tsara manhaja ta fitar da ta ilimin bai-ɗaya na shekara tara a 2007, inda ya tsaya da ƙafarsa. A gyaran 2012, wanda aka fara aiki da shi a 2014, an rage yawan darussa, sai aka cusa shi cikin darasi guda tare da kimiyya da fasaha da ilimin kwamfuta. A sabuwar manhajar da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2025 an sake ware shi a ƙaramar sakandare. Shekarun da ya yi a haɗe sun yi masa illa, domin takardar jarrabawa guda ce ake raba wa fannoni huɗu, kuma babu yadda za a yi a auna gudu ko tsalle a cikin irin wannan takarda.

Abubuwan da manhajar ta ƙunsa suna da faɗi. Akwai guje-guje da tsalle-tsalle da jefe-jefe, kamar gajeren gudu da gudun miƙa sanda da dogon tsalle da jifan dalma. Akwai ƙwallon ƙafa da na raga da na kwando da na hannu da na tebur, akwai alkafura da ninƙaya da wasannin gargajiya. A ɓangaren lafiya kuma akwai tsaftar jiki da ta muhalli, da abinci mai gina jiki, da cututtuka masu yaɗuwa, da illar miyagun ƙwayoyi, da agajin gaggawa.

3.4 Abin da Ake Buƙata ga Ɗalibi

Masana ilimi sun kasa abin da ake koya gida uku, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce a riƙa auna dukkansu. Akwai abin da ɗalibi ya sani da ƙwaƙwalwarsa, akwai abin da ya iya da gaɓoɓinsa, akwai kuma halin da ya nuna. Idan aka ɗauki ƙwallon raga a matsayin misali, sani shi ne ɗalibi ya faɗi cewa tsawon fili mita 18 ne, faɗinsa mita 9, 'yan wasa shida-shida ne, kuma ba a taɓa ƙwallo fiye da sau uku kafin a tsallakar da ita. Iyawa ita ce ya tsaya a bayan layi ya buga ƙwallon ta haye raga ta faɗa cikin fili. Hali kuwa shi ne ya jira layinsa, ya karɓi hukuncin alƙali ba tare da gardama ba, kada kuma ya yi wa wanda ya kasa dariya.

Ban da waɗannan, akwai ƙa'idojin aji waɗanda kowane malami yake shimfiɗawa a farkon zango. Ana buƙatar ɗalibi ya zo da kayan wasa, wato riga da wando da takalmin kambas, ya cire agogo da zobe da duk abin da zai iya yi masa ko yi wa wani rauni, ya yanke farce. Ana buƙatar ya isa fili a kan lokaci, ya tsaya da zarar ya ji usur, kada ya taɓa mashi ko dalma sai da izini. Ana buƙatar ya ɗumama jiki kafin a shiga aiki mai nauyi, domin tsokar da ba ta ɗumama ba ta fi saurin yagewa, ya kuma sassauta a hankali bayan an gama. Wanda yake da larura, kamar ciwon fuka ko amosanin jini ko farfaɗiya, wajibi ne a sanar da malami tun farko. Ba a korar irin wannan ɗalibi daga darasi; ana rage masa nauyi ne, ko a ba shi riƙon agogo da rubuta sakamako. Mai amosanin jini musamman ba a barinsa ya yi gudu mai tsanani cikin rana ba tare da ruwa ba, saboda ƙishirwa da gajiya suna tayar da ciwon.

Dukkan waɗannan ƙa'idoji an gina su ne a kan zaton cewa za a fita fili. Idan ba a fita ba, babu ɗaya daga cikinsu da ke da ma'ana.

3.5 Maki da Tasirinsa

Nan ne gizo yake saƙar. Ɗalibi, kamar kowa, yana sa ƙarfinsa ne inda yake ganin sakamako, malami ma haka. A tsarin da ake bi, makin zango ya kasu biyu: na awon yau da kullum, wanda ake kira C.A., da na jarrabawar ƙarshen zango. A makarantu da dama na farkon yana ɗaukar maki 30 ko 40 cikin 100, na biyun kuma ya ɗauki saura. Jarrabawar ƙarshen zango rubutu ce. Shi kuma C.A., wanda aka ƙirƙiro domin ya kama iyawa da hali, galibi ya koma gwajin rubutu biyu da aikin gida da duba littafin rubutu. Wato ke nan ɗalibi yana iya samun maki 90 a darasin motsa jiki ba tare da ya yi gumi ko sau ɗaya ba, alhali wanda ya fi kowa gudu a ajin yana iya faɗuwa saboda bai iya rubuta ma'anar gudu da Turanci ba.

Ba daidai ba ne a ɗora wa malami laifin wannan gaba ɗaya, domin lissafin lokaci ma bai goyi bayansa ba. A ɗauka darasi minti 40 ne. Sauya kaya da tafiya fili da kiran suna za su ci minti 10, ɗumama jiki minti 5, komawa aji da sake sauya kaya wasu minti 5. Saura minti 20. Idan ajin yana da ɗalibai 80, ƙwallo kuma guda ce, rabon kowane ɗalibi daƙiƙa 15 ne. Idan kuwa gwaji za a yi, a kira su ɗaya bayan ɗaya a rubuta maki, to sai an yi makonni ana abu guda. Malamin da aka ce ya miƙa maki ranar Juma'a zai ga ya fi masa sauƙi ya rubuta tambayoyi goma a allo. Haka nan idan wanda aka ba darasin ba fanninsa ba ne, an dai cike gurbi da shi ne, to ba zai yarda ya fita fili ya nuna abin da shi kansa bai iya ba.

Sai kuma matsalar filin kansa. Makarantun kwana na da an yanka musu filaye masu faɗi, har da da'irar gudu ta mita 400 wadda ake shata wa layi da farar ƙasa ko baƙin mai. Amma a cikin birane, yawan ɗalibai ya sa an gina azuzuwa a kan filayen wasu makarantu, wasu kuma an kewaye su da shaguna. Makarantu masu zaman kansu da yawa a gidajen haya suke, tsakar gidan ko taron safe ba ta ɗauka. Ga kuma makarantun da ake yin karatu kashi biyu, na safe da na yamma, inda ake taƙaita kowane darasi. A irin waɗannan wurare ana koyar da ninƙaya a kan allo, a zana tafki da alli, a bayyana yadda ake kaɗa hannu, ɗalibai su kwafa.

Illar wannan ta fi bayyana a babbar sakandare. Jarrabawar kammalawa a wannan fanni tana da ɓangaren rubutu da na gwaji a fili, amma da yake darasin na zaɓi ne, kuma ba ya cikin waɗanda yawancin kwasa-kwasan jami'a suke nema, ɗalibi yakan ajiye shi da zarar ya gama aji uku. Daga nan har ya fita, babu sauran wani lokaci a jadawalinsa da aka tilasta masa ya motsa. Wannan kuwa ya zo ne a shekarun da jiki ya fi buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar kimanin minti 60 na motsa jiki mai sa numfashi ya ɗaga a kowace rana. Wani nazari da hukumar ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin 100 na matasan duniya 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 ba sa kai wannan mizani, kuma abin ya fi yawa ga mata, kashi 85, a kan maza, kashi 78. Gaskiya ne ɗalibin ƙauye da ke tafiya makaranta a ƙasa, ya dawo ya tafi gona ko ɗibar ruwa, ba ya rasa motsi. Amma na birni da ake kaiwa a babur mai ƙafa uku, ya dawo ya zauna da waya, makaranta ce kaɗai wurin da ya rage masa.

Gyaran wannan ba ya buƙatar sabuwar doka. Abin da ake buƙata shi ne a ware wani kaso na C.A., ko da rabi ne, a ce ba a samunsa sai a fili, kuma a gina shi a kan halarta da ƙoƙari da ci gaban da ɗalibi ya samu. Idan a farkon zango yarinya tana zagaye fili sau biyu kafin ta tsaya, a ƙarshensa kuma ta zagaye sau huɗu, ta cancanci maki fiye da wadda ta fara da shida ta ƙare da shida. Auna ɗalibi da kansa ya fi adalci a kan auna shi da gwanin aji, domin tsawo da ƙirar jiki ba ƙoƙarin kowa ba ne.

3.6 Yanayi da Sutura da Kayan Aiki

Akwai wasu buƙatu na darasin da aka kwafo daga ƙasashen sanyi ba tare da an dubi inda za a yi aiki da su ba. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan kai digiri 40 ko ya wuce. Sa darasin fili da ƙarfe ɗaya na rana a irin wannan lokaci ganganci ne, amma mai tsara jadawali yakan ba Lissafi da Turanci safiya, ya tura P.E. ƙarshe saboda yana ganin ba ya buƙatar natsuwa. Da hunturu kuma ƙura takan tayar wa masu fuka. Watan azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka yana zagaya dukkan zangunan karatu. Hikima ita ce malami ya tara darussan lafiya da dokokin wasanni ya koyar da su a cikinsa, ya bar na fili zuwa bayan salla.

Batun sutura ya fi shafar 'yan mata. Littattafan darasin suna nuna 'yar wasa da gajeren siket ko gajeren wando, abin da iyaye da yawa a Arewa ba za su amince da shi ba, kuma ita kanta budurwar da ta fara girma ba za ta sake a cikinsa ba, balle a makarantar da ake haɗe da maza. Sakamakon haka sai ta ce ba ta da lafiya, ta zauna a gindin bishiya, malami kuma ya kau da kai. Addini bai hana motsa jiki ba, domin ya tabbata Annabi (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha (R.A.). Hukumomin wasanni na duniya ma sun sassauta: an halatta rufe kai a ƙwallon ƙafa a 2014, a ƙwallon kwando kuma a 2017. Dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi wanda ba a maƙale shi da allura ba sun wadatar, idan aka haɗa da malama mace da wuri mai shinge.

Dangane da ƙarancin kaya kuwa, akwai abin da ke hannu wanda ba a cika waiwaya ba. Langa ba ta buƙatar ƙwallo ko raga ko takalmi, kuma tana cikin wasannin gargajiya da ake yi a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973. Ɗan wasa yana riƙe ƙafa ɗaya da hannu ta baya, yana tsalle da ɗayar, yana ture abokin hamayya da kafaɗa ko hannun da ya rage. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. A nau'in da ake kira ruwa, kowane ɓangare yana da mutum guda da ake karewa har ya isa masha, ɗaya ɓangaren kuma yana neman kayar da shi. Wasan yana gina ƙarfin cinya da daidaiton tsayuwa da juriyar numfashi, yana kuma koyar da dabarar kare ɗan'uwa. Aji mai ɗalibai 80 ana iya raba shi rukuni takwas a yi wasa huɗu a lokaci guda, a fegin da bai kai rabin filin ƙwallo ba, kowa yana motsi. Abin lura kawai shi ne a share duwatsu da ƙaya, a haɗa ɗalibai daidai girmansu, a kuma sa su sauya ƙafa bayan kowane zagaye domin kada nauyi ya taru a gwiwa ɗaya.